Yoga na taimakon zuciya, amma ba ta maye gurbin maganin kitsen jini

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Edita, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi wa masu karatu bayani a kan wata magana da ta fara yawa a Abuja, musamman tsakanin ma'aikatan ofis da suka haura shekara 40. Maganar ita ce wai yoga, wato motsa jikin nan na miƙe-miƙe da sarrafa numfashi, tana narkar da kitsen jini, tana wanke jijiyoyi, har mutum ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai. Wanda ke fita da sassafe ranar Asabar zuwa bakin tafkin Jabi ko Millennium Park ya san masu motsa jiki sun ƙaru, har da masu shimfiɗa 'yar tabarmar roba suna miƙe-miƙe. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun Disambar 2014 ta ware ranar 21 ga Yuni domin yoga. Mu dai muna murna da duk abin da zai tayar da mutum daga kujera, a garin da ma'aikaci kan kwashe awanni cikin cunkoson Nyanya da Mararraba, ya wuni zaune a ofis, ya koma gida ya sake zama. Damuwarmu ita ce nauyin da ake ɗora wa yogar. Tana da amfani, an auna shi, kuma an san inda ya tsaya.

Mutane da yawa sun ɗauka kolastarol, wanda yake cikin abin da ake kira kitsen jini, irin kitsen da ake gani a jikin nama ne, wanda zufa za ta narkar. A gaskiya wani maiƙo ne da jiki ke bukata wajen gina ƙwayoyin halitta, da haɗa ruwan matsarmama, da bitamin D, da sinadaran namiji da na mace. Mafi yawansa hanta ce ke haɗa shi. Tunda mai ba ya gauraya da ruwa, jini na ɗaukarsa cikin wasu ƙananan ƙunsuna. Wanda takardar gwaji ke kira LDL shi ne mai ɓarnar: idan ya yi yawa sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiya yana taruwa shekara da shekaru, har jijiyar ta ƙuntace. Ranar da wannan tarin ya tsage, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe. Idan a jijiyar zuciya ne, shi ne bugun zuciya. Idan a ta ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. HDL kuwa kwaso rara yake yi ya mayar wa hanta. Sai na uku, tiraigilisarayid, wanda ake rubutawa TG, shi ne ya fi saurin tashi da sukari da lemon kwalba da giya da teɓa.

Duk wannan ba ya ciwo. Ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, kuma siririn mutum na iya fin mai ƙiba yawan LDL. Gwajin jini kaɗai ke nuna shi.

Ɗakunan gwaji a Abuja wasu na rubuta sakamako da mmol/L, wasu da mg/dL, wannan kuma kan rikita mutane. A kolastarol, 1 mmol/L daidai yake da kusan 39 mg/dL. Ga mai lafiya ana son jimillar kolastarol ta kasance ƙasa da 5.2 mmol/L, wato 200 mg/dL. LDL ƙasa da 2.6, wato 100. TG ƙasa da 1.7, wato 150. HDL kuwa kada ya gaza 1.0 ga namiji, 1.3 ga mace. Amma wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai ciwon suga da ya fara taɓa ƙoda, ma'auninsa daban ne. Ana so LDL ɗinsa ya sauka ƙasa da 1.8, ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2019 ma ta ce ƙasa da 1.4 ga waɗanda haɗarinsu ya fi tsanani. Don haka jerin lambobin da ɗakin gwaji ke bugawa a gefen takarda ba su isa mutum ya yanke wa kansa hukunci ba.

To, me yoga ke yi wa waɗannan lambobi? A ƙarshen 2014 wasu masu bincike daga jami'ar Erasmus ta Rotterdam da jami'ar Harvard sun tattara gwaje-gwaje 37 da aka yi a kan mutum 2,768. Idan aka kwatanta masu yin yoga da waɗanda ba sa motsa jiki ko kaɗan, LDL ya sauka da kimanin 12 mg/dL, HDL ya hau da kimanin 3, TG ya sauka da kimanin 26. Lambar sama ta hawan jini ta ragu da kusan 5, ta ƙasa ma haka, nauyin jiki ya ragu da kilo 2 da 'yan kai, harbawar zuciya ta ragu da kusan 5 a minti. Sukarin jini bai nuna wani canji a zo a gani ba. Da aka kwatanta yoga da sauran motsa jiki irin su tafiya da sauri da tuƙa keke kuwa, babu wanda ya fi wani a fili. A shekarar dai, masu bitar bincike na Cochrane sun duba gwaje-gwaje 11 a kan mutum 800, suka ga ɗan sauƙi a lambar ƙasa ta hawan jini da TG da HDL, amma suka ja kunne cewa gwaje-gwajen ƙanana ne, gajeru ne, kuma babu ko ɗaya da ya ƙirga mutum nawa suka samu bugun zuciya ko suka rasu.

Gwaji mafi girma da ya yi wannan ƙirgar an yi shi ne a Indiya, ƙasar yogar kanta, aka wallafa shi a 2020 da sunan Yoga-CaRe. Mutum 3,959 da suka tashi daga bugun zuciya, a asibitoci 24, aka raba su biyu: wasu suka yi shirin yoga na mako 12 a kan magungunansu, wasu suka samu magani da shawara kawai. Bayan kusan shekara 2, waɗanda suka rasu ko ciwo ya sake kayar da su sun kai kashi 6.7 cikin 100 a ɓangaren yoga, kashi 7.4 a ɗaya ɓangaren. Wannan tazarar ba ta kai a ce yoga ce ta kawo ta ba. Abin da ya fito fili shi ne masu yogar sun fi jin ƙarfin jikinsu, sun fi komawa harkokinsu na da. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga magidancin da tsoro ya hana shi hawa bene tun da aka sallamo shi. A lura kuma, babu wanda aka ce ya daina shan magani a cikin mutanen nan.

Masu tallar yoga kan kafa hujja da aikin likitan nan na Amurka, Dean Ornish, wanda a 1990 ya nuna cewa toshewar jijiyoyin zuciya na iya ɗan ja da baya. Gaskiya ne, amma mutum 48 ne kacal a gwajin, kuma waɗanda suka ga sauƙin sun bar nama, sun rage mai a abinci zuwa kashi 10 cikin 100, sun daina sigari, suna tafiya, sannan suna yoga. Ba a ɗaukar sakamakon abu biyar a ba wa ɗaya.

Yanzu bari mu yi lissafi. Saukar 12 mg/dL ɗin nan kusan 0.3 mmol/L ce. Mu ɗauki mai ciwon suga ɗan shekara 55 da LDL ɗinsa ya kai 4.5, kuma likita na son ya dawo 1.8. Yana bukatar saukar 2.7. Idan ya dogara da yoga kaɗai, ya zama kamar wanda ake bi bashin naira dubu 27 ya kai dubu 3 ya ce a yafe sauran. Magungunan da ake kira sitatin kuwa, irin su atorvastatin mai miligiram 40 zuwa 80 ko rosuvastatin mai 20 zuwa 40, suna rage LDL da rabi ko fiye, domin suna rage wanda hanta ke haɗawa, su kuma sa ta janye wanda ke yawo a jini. Manyan gwaje-gwaje da aka tattara a mujallar The Lancet a 2010 sun nuna duk saukar 1 mmol/L na rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 22 cikin 100. Idan aka daina shan maganin, cikin 'yan makonni LDL ke komawa inda yake. Akwai kuma masu gadon ciwon, kimanin mutum 1 cikin 250 zuwa 300, waɗanda hantarsu ba ta iya janye LDL yadda ya kamata tun haihuwa. Alamarsu ita ce LDL da ya kai 4.9 ko fiye, da tarihin bugun zuciya ga uba ko ɗan'uwa tun bai kai 55 ba, wani lokaci da ƙulutu a agarar ƙafa. Waɗannan ko sun kwana a kan tabarma sai sun sha magani, kuma 'ya'yansu ma sai an gwada su.

A ganinmu, babban amfanin yoga ga ɗan Najeriya yana wajen hawan jini ne, kolastarol na biye a baya. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, kitsen jini na cikin masu bi masa, tare da ciwon suga, yawan damuwa, zaman wuri ɗaya da ƙarancin cin ganye. Don haka saukar lamba 5 a hawan jini abu ne da ya cancanci minti 30 na mutum.

Yadda take aiki ba wani sirri ba ne. Idan mutum na cikin fargaba ko ɓacin rai, jiki na sakin sinadaran da ke ƙara harbawar zuciya, su matse jijiyoyi, su turo mai da sukari cikin jini. Numfashi a hankali, musamman idan fitarwa ta fi shaƙa tsawo, yana tayar da ɓangaren jijiyoyin da ke kwantar da zuciya. Tsokar da aka sa aiki kuma tana zuƙe TG daga jini ta ƙona. Barci kan gyaru, wanda ya yi barci sosai kuma ba ya yawan neman zaƙi da tsakar dare. Sai dai yoga mai taushi ba ta sa haki. Ƙarfin da take ci bai wuce ninki 2 da rabi na wanda mutum ke ci a zaune ba, alhali tafiya da sauri na cin ninki 4 ko kusa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki mai ɗan sa haki, da kwana 2 na aikin ƙarfafa tsoka. Yoga na iya cike gurbin na biyun. Na farkon sai an taka: minti 30, kwana 5 a mako, da saurin da mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba.

Ga tsarin da mai farawa zai iya bi a ɗakinsa, sau 3 a mako, minti 35 zuwa 40. A bar awa 2 zuwa 3 bayan cin abinci mai nauyi. A nemi shimfiɗar da ba ta zamewa. Darduma a kan tayil tana sulɓewa, ta ja wa mutum targaɗe.

A fara da ɗumama jiki na minti 5: taka ƙafa a wuri ɗaya, juya kafaɗu sau 10 gaba sau 10 baya, juya idon sawu, waiwaya dama da hagu a hankali. Kada a riƙa kewaya wuya gaba ɗaya ana jefa kai baya. Daga nan a tsaya, ƙafafu a ware daidai faɗin ƙugu, a ɗaga hannuwa sama ana shaƙar iska ta hanci, a sauke ana fitarwa, sau 8. Sai a yi babban taku ɗaya gaba, kamar mita ɗaya, a lanƙwasa gwiwar gaba har ta tsaya daidai saitin idon sawu, ƙafar baya a miƙe, hannuwa a ƙugu ko a sama. A tsaya haka tsawon numfashi 5, a canja ƙafa, a maimaita sau 2. Idan gwiwa ta wuce yatsun ƙafa ko ta karkata ciki, nauyi ya koma kan ƙoƙon gwiwa, daga nan ciwo ke farawa.

Sashen da muka fi ba wa muhimmanci shi ne zaman kujera a jikin bango. A jingina baya da bango, a matsar da ƙafafu gaba kamar santimita 40 zuwa 50, a zame ƙasa har cinya ta ɗauki zafi amma ana iya jurewa. Ba dole sai cinya ta kwanta daidai ba. Mai farawa ya riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, ya huta minti 2, ya sake, har sau 4. Kowane mako a ƙara daƙiƙa 10 zuwa 15 har a kai minti 2. Wani babban bita da aka wallafa a Ingila a 2023, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 270, ya gano irin wannan motsa jiki na riƙe tsoka a wuri ɗaya ya rage lambar sama ta hawan jini da kusan 8, ta ƙasa da 4, fiye da sauran nau'o'in da aka duba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a riƙe numfashi. Mai yi ya riƙa ƙirga da baki a bayyane. Muddin murya na fita, iska na fita.

Bayan wannan a tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 20 zuwa 30, hannu ɗaya a bango, a canja. Sai a sauka ƙasa a kan tafin hannu da gwiwa, hannu a saitin kafaɗa, gwiwa a saitin ƙugu. A shaƙi iska a saki ciki ƙasa a ɗan ɗaga ƙirji, a fitar a gantsaro baya sama a sunkuyar da kai, sau 8 zuwa 10. A kwanta rub da ciki, tafin hannu ƙarƙashin kafaɗa, a ɗaga ƙirji kaɗan ba tare da cibiya ta bar ƙasa ba, numfashi 3, sau 4. Masu miƙe hannu gaba ɗaya su banƙare su ne ke tashi da ciwon ƙugu washegari. A juya rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, a ɗaga ƙugu har cinya da ciki su yi layi ɗaya, numfashi 5, sau 5, kuma kada a waiwaya yayin da ƙugu ke sama. A ƙare da kwantar da gwiwoyi biyu gefen dama, kafaɗu na manne da ƙasa, numfashi 5, sannan hagu.

Minti 10 na ƙarshe na numfashi ne, a zaune a kan kujera ko a kwance. Hannu ɗaya a ciki, ɗaya a ƙirji. Na ciki ne ya kamata ya riƙa motsi. A shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, a fitar ana ƙirga 6. Wannan ya ba da numfashi 6 a minti. Wanda ya ji iska na yanke masa ya fara da 3 da 4. Wanda ba shi da lokacin komai a ranar, ya yi wannan kaɗai, ko a cikin mota ce kafin ya shiga ofis. Idan an gama, kada a zabura a miƙe. A juya gefe, a zauna minti ɗaya, sannan a tashi, domin masu shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, jini kan taru musu a ƙafa, su ga duhu-duhu su faɗi.

Abubuwan da ke ɓaci kusan kullum daga kwaikwayon bidiyo suke fitowa. Tsayuwa a kan kai ko a kan kafaɗa na ƙara matsin cikin ido, haɗari ne ga mai hawan jinin ido, wato gilakoma, da mai ciwon suga da ya taɓa masa ido, kuma tana ɗora nauyin jiki a kan ƙasusuwan wuya. Babu abin da zuciya za ta rasa idan an bar ta. Numfashin nan na sauri da ake bugun ciki ana fesar da iska ta hanci yana sa jiri da tsitstsirar yatsu, bai dace da mai hawan jini ko mai juna biyu ba. Riƙe numfashi ana yunƙuri na harba hawan jini sama nan take, sannan ya faɗo. Yogar da ake yi a ɗaki mai zafin digiri 40 kuwa, a Abujar watan Maris ba ta bukatar dogon bayani: zufa ta kwashe ruwa da gishirin jiki, jini ya yi ƙasa, ƙoda ta sha wuya. Zaman harɗe ƙafa a ɗora kowace a kan cinya na murɗe gwiwa ga wanda ƙugunsa bai saba ba. Dattijuwar da ƙashinta ya yi laushi kada ta dage sai ta taɓa yatsun ƙafa, ƙashin baya na iya murƙushewa.

Akwai waɗanda sai sun ga likita tukuna. Wanda awonsa ya kai 180/110 ba ranar motsa jiki ba ce gare shi, ranar asibiti ce. Wanda ya tashi daga bugun zuciya ya jira izinin likitan zuciyarsa, kuma zaman bango ba nasa ba ne sai an ce masa ya yi. Wanda aka buɗe wa ƙirji ya bar duk abin da ke sa dogara da hannu har ƙashin ya haɗe, mako 6 zuwa 12. Mai ciwon zuciyar da ke kumbura ƙafa, wanda ba ya iya kwanciya sai da matashi 2 ko 3, ya yi nasa a kan kujera. Mai allurar insulin ko mai shan maganin suga na glibenclamide ya auna suga kafin farawa. Idan bai kai 5.5 mmol/L ba ya ci wani abu, ya kuma ajiye dabino kusa. Da azumi, a bari sai awa 2 bayan buɗa-baki. Da hunturu, mai asma ya yi a cikin ɗaki. Duk wanda ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ko zufa mai sanyi, ko haki da bai dace da aikin ba, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ya tsaya nan take a kai shi asibiti mafi kusa. Kada a tsaya shafa man zafi ko jiran gari ya waye.

Mun san tambayar da ke zuciyar masu karatu da yawa, Musulmi da Kirista: yoga ba bautar Hindu ba ce? Asalinta daga Indiya ne, kuma tana da alaƙa da addinan can. Akwai jerin motsin da sunansa ke nufin gaida rana, akwai kuma kalmomin da ake rerawa. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yogar da ke haɗe da irin waɗannan, a 2009 majalisar malamai ta Indonesiya ta hana mai ɗauke da ibada ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Hukunci na malamai ne. Abin da za mu ce ta fuskar lafiya shi ne, amfanin da aka auna daga tsoka da numfashi da natsuwa yake fitowa. Tsarin da muka kawo a sama babu rera komai a cikinsa, babu fuskantar rana, kuma mace na iya yin sa a ɗakinta da suturar da ta ga dama.

Wanda ke son LDL ya motsa da gaske ba tare da ƙarin magani ba, tukunya ta fi tabarma tasiri. Man shanu, kitsen tsire da balangu, fatar kaza, man kwakwa da man alayyadi su ne ke sa hanta ta rage janye LDL. Manja kusan rabinsa mai daskarewa ne, a rage shi a miya, ba sai ya taso saman kwano ba. Man gyada da na waken suya sun fi, amma rubutun da ke jikin galan cewa babu kolastarol a ciki dabarar kasuwa ce, domin babu man tsiro da ke da shi tun asali. Ƙwaƙwalwa da hanta da ƙodar dabba kuwa na cike da shi. Wake, kuɓewa, yalo, gero da dawa da ba a surfe su tas ba, da acca, da gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya a rana, suna taimakawa. Yauƙin kuɓewa ma na cikin irin abin da ke kama kolastarol a hanji ya fita da shi. Mai TG da yawa ya fara da sukarin shayi, lemon kwalba, da zoɓo da kunun da aka cika wa zaƙi. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yajin tsire. Sigari da shisha kuwa suna rushe duk abin da yoga ta gina. A kuma sani, ƙwayoyin sa ƙiba irin su dexamethasone da wasu ke saye a kemis suna tayar da suga da hawan jini da kitsen jini gaba ɗaya.

Hanyar sanin ko abin na aiki ita ce awo kafin farawa da bayan mako 12. A yi gwajin kitsen jini da safe bayan awa 9 zuwa 12 ba a ci komai ba sai ruwa, kuma a koma ɗakin gwaji ɗaya don a iya kwatantawa. Hawan jini a auna a gida kwana 7, safe da yamma, sau 2 kowane zama, bayan hutun minti 5, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba goro ko kofi ko sigari minti 30 kafin nan. A watsar da na ranar farko a ɗauki matsakaicin sauran. Ƙugu a auna da tef ɗin tela tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, kada ya kai rabin tsawon mutum. Da waɗannan lambobi za a je wa likita, shi ne zai ce a rage magani ko a bar shi. Wanda sitatin ke sa wa ciwon tsoka ya faɗa, akwai damar canja iri ko rage yawa. Idan fitsari ya koma kalar shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani, ya daina ya tafi asibiti a ranar. Mai juna biyu ko mai shirin ɗauka ta sanar da likita kafin a rubuta mata.

Edita, ta bakinka muna kira ga masu koyar da yoga a wuraren motsa jiki na Wuse da Maitama da Gwarimpa da sauran unguwanni. Kafin sabon ɗalibi ya hau tabarma a tambaye shi hawan jini, suga, ciwon ido, ciwon zuciya, juna biyu da magungunan da yake sha. A ajiye na'urar awon jini a wurin, a kuma samu aƙalla mutum ɗaya da ya iya danna ƙirji idan wani ya yanke jiki ya faɗi. Ɗalibin da ya tambaya ko ya daina magani, a tura shi wurin wanda ya rubuta masa.

Mun gode da wannan fili.

Daga wani likitan zuciya da wata likitar fisiyo,
Abuja.